A Maido Manuwel!

Akwai wata Asabar a Azare da ko tsufa ya kwashe duk abin da ke cikin kaina, ita kam ba za ta fita ba. Ita ce ranar da aka buɗe sabuwar na'ura a masana'antar man gyaɗar da na yi wa aikin direba, a farkon shekarun casa'in. Ba zan kama sunan masana'antar ba, ba kuma zan kama na mai ita ba, Alhaji dai muke ce masa har ya bar duniya, Allah Ya ji ƙansa. Amma akwai sunaye biyu da ba yadda zan yi in ɓoye, domin in na cire su labarin ya tashi daga aiki. Na farko nawa ne, Auta, da yake ni ne na ƙarshe a ɗakinmu can Gadau. Na biyu na abokina ne, Manuwel.

Manuwel mutumin kudancin Bauchi ne, Kirista, ya girme ni nesa ba kusa ba. Tun yana saurayi ya zo Azare, a nan ya ajiye iyali, a nan aka haifi 'ya'yansa duka. Hausarsu ta fi tawa fita, babbar 'yarsa ma har Fillanci take ji. Aikinsa a masana'anta shi ne tsaron tukunya. Kafin a matse gyaɗa sai an turara ta a cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai tsayin bene. In zafi ya gaza, mai ba ya fita. In ya yi yawa, gyaɗa ta ƙone, mai ya yi baƙi da ɗaci, tunkuza kuma ta ƙafe ta toshe injin matsa. A gindin tukunyar akwai bawul ɗin tururi mai kai kamar ƙaramin sitiyari, shi Manuwel yake yini yana murɗawa, ya ƙara, ya rage, idonsa a kan wani tsohon agogon zafi.

Ni dai ban taɓa raga masa ba. Ina ce masa direban da bai taɓa barin tasha ba, tunda shekara da shekaru yana murɗa sitiyari ko Itas da ke nan kusa bai kai ba. Shi kuma Auta-ba-birki yake ce mini, kuma gaskiyarsa ce, a lokacin in na hau a-kori-kurar kamfani ba na ganin kowa da gashi. Da rana a ƙarƙashin dalbejiyar bakin ƙofa muke zama, ya buɗe kwanon gwaten accan da matarsa ta ɗuro masa, ni in dama fura, mu yi musaya. Tun ina yatsina fuska da gwaten nan har na zama ni nake cinye rabinsa.

Ana nan sai Alhaji ya je wani baje-kolin injuna, ya dawo da zance guda a bakinsa: ya sayo ƙwaƙwalwa. Haka ya kira ta, haka kuma sunan ya bi gari. Kafin ta iso labari ya riga ya yi fiffike. Wasu suka ce magana take yi. Masu shayin bakin titi suka ce tana gane wanda ya cika aljihu da gyaɗa, abin da ya sa wasu daga cikin masu dako suka shiga taitayinsu tun kafin su gan ta. Ranar da babbar mota ta kawo ta, har matan da ke sayen tunkuza suna ƙuli-ƙuli sai da suka bar kaskonsu suka zo kallo. Da aka fasa katakon, sai ga wani akwatin ƙarfe mai ruwan toka, bai fi kabad ba. Na ji wata tsohuwa a bayana tana cewa, “Wannan ɗan abin ne aka hana mu sakat a kansa?”

Wanda ya zo haɗa ta wani injiniya ne Bazazzagi, siriri mai tabarau, wanda ya yi karatu a waje. Mutum ne mai haƙuri da son koyarwa, aibinsa ɗaya, ba ya iya kai magana ƙarshe bai tsoma Turanci a ciki ba. Ya yi makonni yana jan wayoyi daga akwatin zuwa tukunya, zuwa bel ɗin da ke hawa da gyaɗa, zuwa injin matsa. Ni da son ganin ƙwaƙwaf, da na sauke buhunan da na ɗauko daga Hardawa ko Gadau sai in maƙale masa. Wata rana ya tara mu ya ɗaga wani dogon ƙarfe siriri mai waya a gindi.

“Kun ga wannan? Shi ne harshenta,” in ji shi. “Za a soka shi cikin tukunya ya riƙa jin zafin gyaɗa, yana aika wa akwati labari ta wannan waya. Akwati ya duba, zafin da aka ce masa a tsaya a kai ke nan, ko ya gota? In ya gota, sai ya aika wa sabon bawul ya rage tururi. In ya gaza, ya ƙara. Kamar dai mace tana miya, ta ɗanɗana, ta tura itace ko ta janye. Bambancin kawai, ita wannan ba ta ƙiftawa.”

Ranar da aka fara gwada ta, wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Injiniya ya danna maɓalli, fitilu kore da ja suka kama, lambobi suka fara rawa a wata 'yar taga. Bel ya tashi da kansa. Can sai muka ga sandar sabon bawul ta motsa, ba hannun kowa a kai, ta ɗan yi sama, ta tsaya, ta ɗan dawo. Foman ɗinmu, wani ƙato mai murya kamar ganga, ya yi tsalle baya yana salati. Muka ɗauki kabbara da tafi. Injiniya ya tsayar da injin matsa da gangan don ya nuna mana, nan take bel ma ya tsaya da kansa don kada gyaɗa ta taru ta zube. Man da ya fito ranar garai-garai, tun safe har la'asar launinsa bai sauya ba. Manuwel ya tara ɗan kaɗan a tafin hannu ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce mini, “Auta, gaskiya ɗaya ce. Ni bayan azahar hannuna yana gajiya. Wannan ba ta gajiya.”

A tsakiyar akwatin akwai wani baƙin makunni da ake murɗawa hagu ko dama. Yana kallon hagu, inda aka yi wani ɗan rubutu. Gefen dama kuwa Injiniya ya liƙe shi da baƙin salatif, har da bakin makunnin, ya ce kada wanda ya kuskura ya taɓa. Ni firamare kawai na yi, amma ina haɗa baƙi. Na sunkuya na karanta rubutun hagu da ƙarfi: AUTO. Ai sai wuri ya kaure. “Turawa sun san Auta! Sunan Auta a jikin ƙwaƙwalwa!” Foman ya ce harafin ƙarshe ne kawai suka kuskure, a yi musu uzuri tunda ba su taɓa zuwa Gadau ba. Injiniya ya yi dariya ya ce ma'anarsa mai tafiyar da kanta, amma wa ya saurare shi? Kwana da kwanaki ina tafiya ina buɗa hammata, har mai shayi ya fara ƙara mini madara.

Daɗin bai daɗe ba. Wata rana direban Alhaji bai zo ba, aka ce in ja su shi da Injiniya zuwa cikin gari. Direba dai kunne ne da shi, ko bai so ba sai ya ji.

“Alhaji, ina roƙo a bar mutumin tukunyar nan,” in ji Injiniya. “In koya masa akwatin kafin in koma. Dole a samu wanda ya san aikin a kusa da ita.”

“Injiniya,” in ji Alhaji, “ƙwaƙwalwa na sayo don hannu ya huta. In har sai na riƙe hannun, to me na sayo?”

Injiniya ya so ya ƙara bayani, Alhaji ya ce in ƙaro rediyo. Alhaji ba mugu ba ne, mutum ne mai kyauta, amma in ya kafe a kan abu sai dai a kewaye shi. Cikin makon aka kira Manuwel da mataimakansa aka yi musu godiya, aka ce daga ranar buɗewa aikin tukunya ya koma hannun na'ura.

Manuwel bai yi hayaniya ba. A ƙarƙashin dalbejiya ya gaya mini abin da ya yanke: zai je garinsu ya ga ko gonar mahaifinsa tana nan, in tana nan ya dawo ya kwashe iyali. Babbar 'yarsa tana ajin ƙarshe a sakandare, ƙananan kuwa ba su san wani gida ba sai Azare. Yana faɗa yana tura mini kwanon gwate, na kasa kai loma baki. Abin da ya ƙarasa ni, wani mai dako ya wuce yana wasa ya ce, “To, Auta ya kori Manuwel!” Na san raha yake yi, amma maganar ta soke ni. Daga ranar ko kallon rubutun nan ban ƙara son yi ba.

Asabar ɗin buɗewa ta zo cikin kaka, dawa ta sunkuyar da kai a gonaki. Tun da sassafe aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, aka zagaye ko'ina da igiyoyi masu ƙananan tutoci, har cikin ɗakin injuna. Manuwel ya zo da jakarsa a kafaɗa ya yi sallama da kowa. Na ga ya je ya dafa tsohon sitiyarinsa, wanda ba a cire ba, ya ɗan tsaya. Na ce ya bari in kai shi tasha, ya ƙi. “Tsaya ka ga sunanka yana aiki,” in ji shi, ya yi murmushi ya fita. Na bi bayansa da kallo har ya sha kwana.

Hantsi ya yi, baƙi suka cika rumfa, manyan 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati da dattawan gari. An tayar da injuna tun da wuri don in an gama jawabai a shigo da baƙin su ga mai yana zuba. Ina sauke akwatunan lemo kusa da ƙofar ɗakin injuna sai wani ƙauri ya daki hancina, irin na gyaɗar da aka manta a kasko. Na leƙa. Injiniya yana tsaye gaban akwati, fitilu duk kore, lambobin taga suna nuna tukunya ba ta ma yi zafi sosai ba, jiniya ba ta yi kuka ba, amma sabon bawul ya buɗe har ƙarshe, tururi sai huci yake. Ya dubi taga, ya shinshina iska, ya sake duban taga. Sai na ga ya zabura ya kama tsanin tukunya yana hawa kamar wanda aka biyo. Muka taru a ƙasa, ni da Foman da sauran ma'aikata, kowa ya ɗaga kai. Can sama ya leƙo, ya haɗa hannu a baki, ya ƙwala ihu cikin ƙarar injuna:

“Manuwal! A mai da shi manuwal!”

Foman ya juyo ya dube ni, idonsa waje. “Ka ji! A maido Manuwel! Auta, mota!” Gaba ɗaya ma'aikata suka ɗauka, “A maido Manuwel! A maido Manuwel!” Ban san lokacin da na tsallake akwatunan lemo ba. Na faɗa a-kori-kura, ƙofa ma a buɗe na tayar da ita, na fita ta gefen rumfa har wani dattijo ya dafe hularsa. Wallahi ban taɓa jin daɗin wani umarni a rayuwata kamar wannan ba. Ina tuƙi ina dariya ni kaɗai ina dukan sitiyari.

A tasha na ci birki a gaban ɗan kamasho na ƙwala masa tambaya. “Motar Bauchi! Wani dattijo mai jaka ruwan ƙasa!” Ya nuna hanya da haɓa ya ce ta cika ta tashi ba da daɗewa ba. Na juya kan mota na ɗauki hanyar Misau na taka ta har ƙasa. A-kori-kurar nan tsohuwa ce, komai nata ƙara yake in ban da rediyo, amma ranar ta san ana bukatarta. Gonaki sai wucewa suke ta gefen idona. Ban yi nisa ba sai ga garken shanu ya cika titi, makiyayin yana tafe a bayansu da sanda a wuya kamar duniya tasa ce. Na leƙo ina roƙonsa da ɗan Fillancin da na iya, “Useni, baaba, useni!” Ya dube ni, ya ga alamar ba lafiya ba, ya daka wa shanun tsawa suka dare. Na bi ta tsakiya, ƙahon wani bijimi ya goge mini madubi.

Can na hango motar hayar, an lafta mata kaya har ta zauna da gindi. Na kunna fitilu, na kwanta a kan ham, na sha gabanta na gindaya. Direban ya ci birki, mata suka sa salati, sun ɗauka 'yan fashi ne da rana tsaka. Ya fito yana zazzaga mini ashar, ni ko ta kansa ban bi ba. Na zagaya baya, ga Manuwel a matse tsakanin wata mai goyo da wani mai kaji, jaka a cinya.

“Sauko! Injiniya ya ce a maido ka!”

“Ni? Auta, ban son wasa.”

“Wallahi da bakinsa ya faɗa, daga saman tukunya, kowa ya ji! Gyaɗa tana ƙonewa!”

Kalmar ƙonewa ce ta fito da shi. Ban san dattijo yana da wannan zafin nama ba, ta kan kajin mutane ya tsallako. A hanyar dawowa ya riƙe gaban mota da hannu biyu yana addu'a da yarensu, ni ina tawa da Larabci, mota tana tsalle da mu. Da muka faɗa wani rami kanmu ya bugi rufi sai ya ce, “Auta-ba-birki, in ka kashe ni ba wanda za a maido!”

Muka shiga ta ƙofar baya. A rumfa mai gabatarwa yana ta jan jawabi da lasifika, ya gode wa wannan ya koma ya sake gode masa, don an raɗa masa ya riƙe baƙi. A ɗakin injuna kuwa ga Injiniya a gindin tukunya, riga ta jiƙe sharkaf, tabarau ya zamo kan hanci, hannunsa biyu a kan tsohon sitiyarin Manuwel. Ashe da ya ga ba wanda ya nufi akwati, da kansa ya sauko, ya fizge salatif, ya murɗa makunni dama, ya rugo ya kama bawul ɗin hannu. Ya tare ƙonewar, amma ya maƙale. In ya saki sitiyari ya hau sama gyara, zafi ya kuɓuce. In ya kashe injuna gaba ɗaya, tunkuza mai zafi ta sandare a cikin injin matsa, sai an kwance shi, ga baƙi a ƙofa. Mataimakan tukunya kuwa duk an sallame su. Yana ɗaga kai ya ga Manuwel.

“Malam Manuwel! Daga ina? Wa ya kira ka?”

“Kai, Injiniya.”

“Ni?”

“Ai kai ka ce a maido Manuwel,” in ji Foman, “duk mun ji.”

Injiniya ya buɗe baki ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa, kumatunsa suka fara rawa. Sai ya danne, ya jawo hannun Manuwel ya ɗora a kan sitiyari. “Riƙe nan! In na sauko na yi dariyar.” Ya zari wani sabon ƙarfen jin zafi daga akwatin kayan aikinsa ya haye tsani.

Abin da ya biyo baya ya fi kowane wasa daɗin kallo. Injiniya a sama yana kwance wayoyi yana ƙwala tambaya, Manuwel a ƙasa yana amsawa, idonsa a kan tsohon agogonsa, yana murɗawa a hankali. Foman ya sa aka kawar da man da ya yi baƙi a wata ganga daban. Sannu a hankali ƙaurin ya lafa, man da ke zuba ya fara washewa. Da Injiniya ya sauko sai ga shi da tsohon ƙarfen a lanƙwashe, da guntun igiyar tutoci a ɗaure a wuyansa. Ashe wani mai son ado ne ya nemi inda zai ɗaure igiya, ya ga ƙarfe ya leƙo a saman tukunya, ya ɗaura ya ja da ƙarfi har ya zaro shi rabi. Harshen da ya kamata ya ji zafin gyaɗa sai ya koma jin iska, yana ta gaya wa akwati tukunya da sanyi, akwati kuma yana ta ƙara tururi. Har yau ba wanda ya amsa shi ya ɗaura igiyar. Ina da wanda nake zargi, amma ya riga mu gidan gaskiya, na bar shi. Injiniya ya duba lambobi sun dawo hayyacinsu, ya mai da makunni hagu, sabon bawul ya karɓi aiki. Sannan ya zauna a kan buhu ya yi dariyar da ya ajiye, har da hawaye.

Yana cikin haka Alhaji ya shigo, babbar riga tana jan ƙasa, don shi ma ƙaurin ya kai masa har rumfa. Ya ga ganga da baƙin mai, ya ga Injiniya a jiƙe, ya ga mutumin da ya sallama tsaye a gindin tukunya. Kafin ya yi magana Foman ya yi wata irin ƙara yana nuna akwati. Salatif ɗin da aka fizge yana lilo, rubutun dama ya bayyana. “Auta, zo ka karanta!” Na sunkuya na haɗa baƙi: MANUAL. Na ɗago na ce, “Manuwel!” Ai ɗakin nan kamar zai tsage. Masu dako suna tsalle, wani ya rungume Manuwel ya ɗaga shi sama. “Sunansa ne! Tun daga ƙasar Turawa aka rubuto shi! Auta a hagu, Manuwel a dama!”

Alhaji ya ɗaga hannu aka yi tsit. “Injiniya, mene ne wannan?”

Injiniya ya miƙe ya goge tabarau. “Alhaji, ba sunansa ba ne, kama ce kawai. Ma'anarsa aiki da hannu. Duk na'ura irin wannan, komai wayonta, masu ƙera ta sai sun bar wannan gefen. Da abin da aka gaya mata take aiki. Yau an yi mata ƙarya ta gaskata, kuma da ba a karɓe da hannu ba, da haka za ta yi ta yi har komai ya ƙone. Laifina ne da na faɗa da Turanci.”

Alhaji ya daɗe yana kallon makunnin nan. Manuwel kuwa kansa a ƙasa yana goge hannu da tsumma. Can Alhaji ya ce, “Wato abin da kake gaya mini a mota ke nan, na ce a ƙaro rediyo.”

“Shi ne, Alhaji.”

Alhaji ya juya. “Malam Manuwel, ina jakarka?”

“Tana motar Auta, ranka ya daɗe.”

“Auta, kai masa ita gida, ka ce wa iyalinsa tafiya ta fasu. Tunda masu abin sun rubuto sunansa tun daga ƙasarsu, ni wane ne da zan liƙe shi da salatif?”

Ban tsaya ganin yanka ƙyalle ba, an ce dai baƙi sun shigo sun ga mai garai-garai sun yi ta tafi. Ni na ɗauki jaka na yi unguwarsu. Ban yi tunani ba na shiga da ita a hannu ina haki, matarsa ta ga jakar mijinta ba mijin, ta saki muciya ta dafe ƙirji. Na ce, “Mama, lafiya lau! Yana bakin aiki, an maido shi!” Ta dube ni kamar ba ta gane Hausa ba, sai kuma ta rangaɗa guɗar da ta fito da maƙwabta. Ranar sai da na ci gwate har na kasa sunkuyawa.

Injiniya ya ƙara kwanaki ya koya wa Manuwel akwatin, fitila bayan fitila. Dattijon da bai taɓa danna maɓalli ba ya sayi tabarau, ya zama shi ne mai ƙwaƙwalwa, har daga baya aka dawo da ɗaya daga cikin mataimakansa. 'Yarsa ta gama makarantarta a Azare. Kullum da safe in na shigo sai ya nuna makunni ya ce, “Auta, yau ma kai ne a kan aiki, ni ina gefe ina jiran ka yi shirme.” Haka muka yi ta yi har ƙarfinsa ya ƙare ya ajiye aiki don kansa.

Ranar da na kai Injiniya tasha zai koma, ya tambaye ni, “Wai Auta, yaya aka yi ku duka kuka ji abu ɗaya, kuma ba daidai ba?” Na ce ƙarar injuna ce. Amma yanzu da furfura ta cika mini kai na san ba ita ba ce. Mako guda kowa a ɗakin nan yana ɗauke da wannan magana a cikinsa, ba mai ƙarfin faɗa wa Alhaji, muna jiran wani ya furta. Da muka ji abin da ya yi kama da ita, ba mu tsaya tantancewa ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne, in aka kawo sabon abu mai aiki da kansa, a karɓe shi hannu biyu, ni shaida ne ya fi hannu daidaito, amma kada a yi saurin sallamar mutumin da ya san aikin, domin waɗanda suka ƙera abin ma sun bar masa wurinsa. Har gobe in na shiga inda injuna suke, ba fitilu nake fara dubawa ba. Makunnin nan nake nema, in ga sunana a hagu, in ga na abokina a dama, sannan in waiga in ga ko akwai wanda aka bari a tsaye kusa da shi.